Sharko Zai Je Teku

Yayana Stanimir shekararsa saba'in da huɗu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa babu singileti ba. Ko a watan Agusta, lokacin da kwaltar garinmu Leskovats, a ƙasar Sabiya, ke narkewa har ta kama takalmi, sai ya sa singiletinsa, ya ɗora riga, ya ɗora 'yar falmaran ta ulu, wai kada sanyi ya kama masa ƙoda. Ni ce ƙanwarsa, Yelka. Shekara shida kacal ya ba ni, amma in ka ji yana min faɗa sai ka rantse shi ya haife ni. Da ɗan dalilinsa. Yana ɗan shekara goma sha shida babanmu ya rasu, ya ajiye karatu ya shiga aiki, da guminsa na gama makaranta.

Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran injin saƙa a masaƙar ulu ta garinmu. Ƙarar injinan ta cinye masa kunnen hagu, shi kuwa ya mai da abin riba: duk wanda ya zo da maganar da ba ya son ji, wannan kunnen yake juya masa. Ranar da aka rufe masaƙar bai zagi kowa ba. Ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya dawo gida, ya shiga gyara duk abin da ya lalace a benen da suke zaune, har da wanda bai lalace ba, sai da ta kai maƙwabta na ɓoye masa rediyonsu. Bakinsa bai iya faɗin magana mai taushi ba. In yana ƙaunarka, sai dai ka wayi gari ka ga ya canza maka kan famfo.

Matarsa Kosara ce ta kawo karen. Ta je kasuwa sayen tattasai, ta dawo da ɗan kwikwiyo a kwando, mai dabbare-dabbaren fari da baƙi, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Stanimir ya ce kare ba zai kwana masa a gida ba, ko shi ko karen. Kafin sati ya zagayo na same shi durƙushe a kicin yana jiƙa masa burodi a madara, yana tambayarsa ko ta yi masa zafi. Suka sa masa suna Sharko. Duk bazara su uku suke tafiya teku.

Shekara tara ke nan da rasuwar Kosara. Suna dawowa daga tekun ne zafi ya ishe ta a mota, ta sauke gilashin gefenta, alhali nasa ma a sauke yake. Ya yi magana, ta ce ya ƙyale ta, ya ƙyale ta. Washegari bakinta ya karkace, bayan kwana uku ta cika. Likitoci suka ce hawan jini ne, ta daɗe da shi. Stanimir ya juya musu kunnen hagu. Shi ya san abin da ya kashe masa mata: promaya ce, wato iskar da ke ratsawa tsakanin taga biyu, kuma shi ya bari.

To, kada a ce na ware shi shi kaɗai. Ni ma ina tsoron promaya, wane mai hankali ne ba ya tsoronta? Iska ta shigo ta wannan taga ta fita ta waccan, ta bi ta wuyanka ko bayanka, ai ka gama yawo. Mun ga waɗanda ta sanƙarar wa wuya, mun ga waɗanda ta toshe wa kunne. In kuwa jikinka a jiƙe yake, sai dai a yi maka addu'a. A bas, ko mutane na suma don zafi, da wani ya buɗe taga ta biyu za ka ji wata tsohuwa ta ce, "Rufe mana, kashe mu za ka yi?" Sau da yawa ni ce tsohuwar. Amma na Stanimir ya wuce na kowa. Kwana biyu da binne Kosara ya sauka wurin motarsa, tsohuwa ce irin wadda ake murɗa hannu a sauke gilashi, ya kwance hannuwan nan guda uku ya jefa a akwatin kayan aiki. Na direba kaɗai ya bari.

Daga nan bai sake zuwa teku ba. Duk Agusta benen sai ya watse, kowa ya ɗaure kaya a saman mota ya tafi hutu, a bar wa Stanimir makullai. Shi ke ba furannin mutane ruwa, shi ke ciyar da kyanwar wance da tsuntsun wane. Ɗansa Nenad yana aiki a Ostiriya, yana bugo waya ranar Lahadi. Sauran kwana shidan, daga shi sai Sharko.

Da Sharko ya cika shekara goma sha biyu ƙafafunsa na baya suka fara yi masa gardama. Da farko matakala ce ta gagare shi, daga baya ko tashi daga kwance sai ya yi ta yunƙuri, yana kallon ubangidansa kamar mai neman gafara. A hawa na uku suke. Stanimir ya yanka tsohon tawul, ya ɗinka masa hannaye biyu, yana ratsa shi ƙarƙashin cikin karen ya ɗaga. Sau uku a rana suke sauka, sau uku suke hawa, matakala arba'in da takwas, suna hutawa a kowane hawa kowa na haki. Kilo ashirin da biyu ne fa Sharko. Na ce masa wata rana bayansa zai ɓalle in rasa wanda zan fara ɗauka a cikinsu. Ya ce ba ni aka tambaya ba.

Da safe ya dafa masa shinkafa da kaza babu gishiri, ya ɓoye ƙwayar magani a cikin cuku. Sharko ya cinye cukun ya ajiye masa ƙwayar a ƙasa tsaf, sai a sake sabon zama. Da yamma ya murje ganyen kabeji da kwalba ya ɗaura masa a ƙugu, yadda uwarmu ke yi wa gwiwoyinta, kafin ya juya baya Sharko ya cinye rabin maganin. Sannan ya warware wata tsohuwar rigar sanyi, ya kawo min zaren, ya tsaya a kaina har na saƙa wa karen falmaran irin tasa, mai maɓalli uku. In suka fito, matan da ke zaune a bencin ƙofar gida sai su ce, "Ga tagwaye nan." Shi kuwa ya ɗaga musu hula ya ce, "Ku fara gaida babban, ni ne ƙaramin."

Wata Lahadi ina gidan Nenad ya bugo. Ba mugun yaro ba ne, tausayin ubansa yake ji. Ya ce, "Baba, ka bari a yi masa allurar nan ya huta, kai ma ka huta. Ka zo nan ka yi bazara da jikokinka." Stanimir ya ce, "Ranar da na kasa hawa matakala ni ma allurar za ka sa a yi min?" Daga nan suka koma zancen ruwan sama.

A farkon Yulin shekarar da Sharko ya cika goma sha huɗu muka kai shi wurin Bilyana, likitar dabbobi, 'yar wani abokin aikin Stanimir na masaƙa. Ta daddanna ƙugun karen, ta saurari zuciyarsa, ta juya tana wanke hannu.

"Faɗi mana, 'yata," in ji Stanimir. "Mu ba yara ba ne."

"Kawu Stanimir, ba zan ɓoye maka ba. Hunturun nan mai zuwa zai yi masa wuya. Ban ce ba zai wuce shi ba, amma kada ka sa rai da wata bazarar."

Ya gyaɗa kai yana shafa kunnen karen. "Yana jin ciwo?"

"Duk takun da ya yi. Inda kawai ba zai ji ba shi ne cikin ruwa. Ruwa mai ɗumi, mai zurfin da zai ɗauke masa nauyin jikinsa. A nan ƙafafun za su motsa yadda suke so."

Kogin garinmu a wannan lokacin ko idon sawu ba ya rufewa, wurin iyo kuwa ba a shiga da kare. Kwana biyu Stanimir na ta juya maganar a ransa. A rana ta uku ya hawo gidana, ya zauna, ya shanye gahawarsa, sannan ya ce, "Yelka, ki nemo rigar wankanki. Ƙasar Girka za mu, bakin teku."

"Mu wa?"

"Ni da ke da shi."

"Yaya, lafiyarka kuwa? Da wannan akwalar motar? Kai da ko garin Nish da ke nan kusa ba ka leƙa ba shekara tara?"

"Ni zan yi tuƙi, ke ki riƙe shi. Da yana iya zama shi kaɗai ai da ban neme ki ba, ke da bakin nan naki." Ya juya kofin a hannunsa, ya daina kallona. "So nake in gan shi yana tafiya babu ciwo, ko sau ɗaya ne. Daga nan duk abin da Allah ya yi daidai ne."

Me zan ce? Na tashi na nemo rigar wankan, ashe ma ta daina shigata.

Takardun Sharko da alluransa duk a kammale suke, don Stanimir bai taɓa bari ko ɗaya ta wuce ba tun zamanin Kosara. Maƙwabta ne suka shiga uku, suka rasa wanda za su bar wa makulli. Ni na cika tukunya da tattasai cushe da shinkafa da nama, na soya kaji biyu, na ɗaure cuku da tumatir da albasa da gahawa da matasan kai, don ba za mu je ƙasar mutane mu ci abin da ba mu san wanda ya dafa ba. Bilyana ta ja mana kunne: mu fita da asuba, mu riƙa tsayawa, kada karen ya sha zafi. Stanimir ya ce ya ji. Abin da ya fahimta shi ne hasken rana, sai ya rataya tawul a gilasan baya don inuwa.

Da asubar muka tashi, amma ba mu bar gari ba sai takwas da rabi. Sai da ya kwance kayan saman mota ya sake ɗaurewa sau biyu, sannan ya ce ba zai tafi teku bai gaya wa Kosara ba. Muka biya maƙabarta. Ya kunna kyandir, ya cire ciyawa, ya tsaya yana motsa baki, Sharko na kwance a kan takalminsa. Ina kallon agogo ina kallon rana, amma na kasa ce masa ya yi sauri.

Iyaka ta farko ba mu sha wuya ba. Muka ratsa Makidoniya, tagar direba a sauke kamar faɗin yatsa biyu, sauran a rufe ruf. Ina baya, Sharko sanye da falmaransa, kansa a cinyata, gumi na bi ta ko'ina a jikina. Ban yi ƙorafi ba, haka muka taso muna tafiya. Sau ɗaya muka tsaya muka ci kaza a kan bonet, Sharko ya ƙi ci, muka ce gajiya ce. Ƙarfe ɗaya saura muka iso iyakar Girka, muka tarar kamar duk Sabiya ta haɗa baki ta fito rana ɗaya. Layin ya fi kilomita biyu. Mota ta matsa taku biyar ta tsaya. Babu bishiya babu rumfa, sai kwalta da ƙarfe.

Sharko ya fara haki, harshe a waje. Na ba shi ruwa ya ɗan lasa. Can sai na ji jikinsa na rawa.

"Yaya, rawar jiki yake yi."

"Na faɗa! Iskar tagar nan ce ta same shi." Ya murɗe gilashinsa ya rufe. "Gyara masa rigar, ki rufe masa ƙugu."

Na kuwa gyara. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Ni da hannuna na mayar da maɓallin da ya fita, na jawo bargo na lulluɓa masa. Dabba na dahuwa da ransa, mu tsofaffi biyu muna yi masa maganin sanyi.

Bayan minti goma ya yi amai. Na ɗaga kansa, ya koma yaraf. Harshen ya yi ja har ya soma baƙi, idanun a buɗe amma ba ni suke kallo ba. Na kira sunansa, kunnen da ke tsaye ko motsi bai yi ba. Na ƙwala wa Stanimir kira. Ya juyo, ya gani, ya zaro waya ya rasa lambar da zai danna. Ni na fizge na kira Bilyana na miƙa masa, daga inda nake ina jin muryarta.

"Riga? Wace riga kuma? A wannan zafin? Kawu, zafi ne ke kashe shi! Ku fito da shi yanzu, ku tuɓe masa komai, ku jiƙa shi sharkaf, ciki da hammata da tafin ƙafa. Ba ruwan ƙanƙara ba, ruwa kawai."

Muka fito da shi muka shimfiɗe a inuwar wata babbar mota. Nan da nan mutane suka kewaye mu, kowa da gorar ruwansa. Wani mai tumbi, babu riga, ya kawo jarka guda yana cewa, "Zuba, Baba, zuba, kar ka ji komai." Wata tsohuwa ta leƙo daga motarta ta ce, "Ku bar jiƙa dabbar nan, ciwon haƙarƙari zai kama shi!" Na ce mata ta mai da kanta ciki. Da wata rana ce, da daga bakina maganar za ta fito.

"Yanzu ka saurare ni," in ji Bilyana. "Akwai likitan dabbobi a garin da kuka wuce, tafiyar minti goma sha biyar. Ka fita daga layin ka juya. Ka sa shi a baya a jiƙe, ka sauke tagogin duka huɗu, ka taka mota. So nake iska ta yi ta dukansa har ku isa."

Stanimir ya tsaya cak, ruwa na ɗiga daga hannunsa.

"A jiƙe? Taga huɗu?"

"Duka huɗu."

"'Yata, ba ki san me kike faɗa ba. Ai haka na rasa..." Bai ƙarasa ba.

"Na sani, Kawu, na je jana'izarta. Amma in ka rufe shi a motar nan ba zai kai asibitin ba."

Na zuba masa ido ina jira ya mai da wayar kunnen hagu, don na san halinsa. Bai mayar ba. Ya dubi karen, ya dubi motar. Sai ya miƙo min wayar, ya buɗe but, ya watso tukunyar tattasaina da matasan kai a kan kwalta, ya jawo akwatin kayan aiki. Hannuwan nan uku na can ƙasa, naɗe a tsumma. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ɗaure noti, sai ga sukundireba na suɓucewa daga hannunsa. Mai tumbin ya ce ya kawo ya taya shi, ya ce a'a. Shi ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, shi ya murɗe kowane gilashi har ƙasa, suna ƙara suna turjewa.

Mutane suka ja motocinsu suka buɗe mana hanya, mai tumbin na tsaye tsakiyar titi yana ba da hannu kamar ɗan sanda. Tukunyar tattasan a can muka bar ta.

Ban taɓa shiga iska irin wannan ba. Ta shigo ta dama ta fita ta hagu, ta kwashe tawul, ta kwashe hular Stanimir ta yi waje da ita. Na ƙudundune kaina a ɗankwali ina addu'a, rabi don Sharko rabi don wuyana, ina zuba masa ruwa daga gora ina shafa cikinsa. Stanimir kuwa bai daina magana ba, da ƙarfi don ya fi iskar. "Daure, tsoho. Daure, ɗan'uwa, saura kaɗan. Kar ka yi min haka a ƙasar mutane." Muna shiga garin na ji wani abu mai ɗumi a bayan hannuna. Harshensa ne, yana lasar ruwan.

Likitan dattijo ne marar yawan magana. Ya auna zafin jikinsa, ya aske masa ƙafar gaba ya sa masa ƙarin ruwa, ya tambayi yadda muka kawo shi. Da na faɗa masa ya ce, "Iskar ce ta cece shi. Da a rufe kuka zo, da gawa kuka kawo min." Ya karɓi falmaran ɗin daga hannuna, ya ɗaga da yatsa biyu, ya dube mu, ya ajiye. Na lura shi ma taga ɗaya ce kawai a buɗe a ofishinsa.

Awa huɗu Stanimir na zaune a ƙasa, kan tayil mai sanyi, hannunsa a haƙarƙarin karen yana bin numfashinsa. Wajen ƙarfe shida Sharko ya ɗaga kai, ya buga wutsiya sau biyu. Likita ya kore mu waje mu miƙe ƙafa. Muka zauna a benci ƙarƙashin bishiyar ɓaure, ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Yelka. Ashe promaya ba ta kisa?"

Na san ba zancen kare yake yi ba. "Hawan jini ne, Yaya. Likitoci uku suka faɗa maka."

"Kin san me ta yi da ta sauke gilashin?" ya ce. "Ta kwantar da kai, ta lumshe ido, gashinta na tashi. Ta ce, 'Stanimir, ka ji daɗi kuwa?' Dariya take yi. Shekara tara ban yarda na tuna wannan ba, da ya zo min sai in kore shi." Ya share fuska da tafin hannu. "Ashe ta ji daɗin tafiyar."

Ban taɓa ganin yayana yana kuka ba, ko a jana'izar. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na riƙe masa hannu, na bar bakina ya huta, abin da ba kasafai nake yi ba.

Likita ya ce a bar karen ya huta kwana biyu, muka kama ɗaki a gidan wata mata. Ni na ce daga nan sai gida, mun ga ishara.

"Ban ɗauko shi daga Leskovats don ya ga asibitin wani gari ba," in ji Stanimir.

"In ya mutu a hanya fa?"

"A gidan ma mutuwar zai yi, a kan bargo, yana kallon bango. Na tambayi likita, ya ce in da sanyin safiya ne zai iya. Awa ɗaya da rabi ce ta rage."

Da dukan jikinsa yake maganar, don wuyansa ya sanƙare, in zai dube ni sai ya juyo gaba ɗaya. Na nuna wuyan na ce, "To wannan fa? Shi ma hawan jini ne?" Ya ce in rufe masa baki. Ni dai har gobe ba na zama tsakanin taga biyu.

Rana ta uku muka tashi gari na wayewa, tagogi a sauke, muka tarar iyakar babu layi. Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci muka hango ruwan. Ko masauki ba mu nema ba, Stanimir ya gangara da mota har inda yashi ya fara. Bakin tekun babu kowa, sai wasu tsofaffi biyu can nesa suna tafiya a cikin ruwa. Sharko ya ɗaga hanci yana shaƙa, ya fara wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa na zumuɗi.

Stanimir ya rungume shi a ƙirji ya ɗauka. Yashi na zame masa, sau biyu ya tsaya ya huta, na ce in kama masa ya ƙi. Ya shiga ruwan da wandonsa, har gwiwa, har ƙugu, har ƙirji. Ni ma na tattare siket na bi su. Ruwan da ɗumi, a kwance luf. Ya sauke karen a hankali, hannuwansa biyu a ƙarƙashin cikinsa.

Da farko Sharko ya sandare, ya zaro ido. Sai ƙafafun gaba suka fara. Muka zuba wa na baya ido ta cikin ruwan, suna reto kamar ba nasa ba. Ta dama ta ɗan harba. Ta hagu ta bi. Suka sake, suka kuma, har suka daidaita.

"Kin gani?" in ji Stanimir. "Yelka, kin gani?"

"Na gani, Yaya. Sake shi."

"Zai nutse."

"Ba zai nutse ba. Kai ne ka riƙe shi."

Ya daɗe a haka. Na ga yatsunsa suna buɗewa ɗaya-ɗaya, sannan ya janye hannuwan, ya bar su a miƙe a cikin ruwa. Sharko bai waiwayo ba. Ya ɗaga hanci sama ya nufi gaba, taku biyar, taku goma, wutsiya na binsa a baya. Na buɗe baki zan kira shi.

Stanimir ya dafa min hannu.

"Bar shi," ya ce. "Shekara biyu ke nan bai je ko'ina da ƙafarsa ba."